Tura sakamakon ɗalibai a WhatsApp: doka ce ta hana, ko iyayin 'yan cibiyar kwamfuta ne?

"Assalamu alaikum. Ni ne jami'in jarrabawa na sashenmu a wata jami'ar gwamnati. Shekara da shekaru muna liƙa sakamako a allon sanarwa, da suna da lamba, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Da zamani ya zo muka koma tura shi a zauren WhatsApp na kowane aji. Yanzu cibiyar kwamfuta ta jami'a ta aiko mana da wata takarda mai kauri, wai an hana wannan, an hana ɗaukar maki a filash zuwa gida, an hana ba wa kowa kalmar sirrinka ko da sakataren sashe ne. A makon jiya kuma wani dattijo ya zo neman sakamakon 'yarsa, na rasa yadda zan yi da shi. Shin dokar ƙasa ce ta kawo wannan, ko 'yan cibiyar ne kawai suke son nuna mana su ma akwai su? Kuma me zai same ni in na ci gaba da yadda na saba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ka ɗaure da igiya ɗaya: ko takardar tana da tushe a doka, yaya za ka yi da dattijon da ya zo, da kuma abin da zai biyo baya in ka yi kunnen uwar shegu da ita. Kafin in kwance su, ya kamata ka san daga bakin wa kake ji. Na daɗe ina aiki a irin wannan cibiya, kuma na taɓa zama cikin kwamitin da ya rubuta irin takardar da take ba ka haushi. Saboda haka in ka ji ina kare ta a wani wuri, ka san dalili. Akwai kuma inda zan ɗora mana laifi, mu 'yan cibiyar.

Amsar farko a taƙaice ita ce doka ce. Amma ba kowane layi na takardar ba ne aka kwafo daga doka. Doka ta gindaya manyan sharuɗɗa, ita kuma jami'a ta fassara su zuwa "yi kaza, bar kaza" gwargwadon fahimtarta da kayan aikinta.

Inda abin ya samo asali

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya daɗe da ba ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa, na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sai dai layi biyu ne, bai gaya wa magatakardar jami'a yadda zai adana fayil ba. A watan Janairun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, waɗanda bankuna da kamfanonin sadarwa suka fi mayar da hankali a kansu. Jami'o'i da yawa sun ɗauka ba da su ake ba. Ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai mai zaman kanta, NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji. Daga nan ne wasiƙu suka fara sauka a teburin shugabannin jami'o'i, daga nan kuma suka gangaro har zuwa teburinka.

Abu biyu a dokar sun shafe ka kai tsaye. Na ɗaya, ta ce tana aiki a kan sarrafa bayanan mutum ko da na'ura aka yi ko ba da na'ura ba. Wato fayil ɗin takarda da ke cikin kabad ɗinka da allon sanarwar da ke baranda duk suna ciki, ba kwamfuta kaɗai ba. Na biyu, abin da take kira bayanan mutum shi ne duk abin da za a iya gane mutum da shi: suna, lambar rajista, lambar waya, hoto, har da makin da ke gefen sunansa. Ta kuma ware wasu ta ce sun fi tsanani, irin su lafiyar jiki, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa.

To ɗauki fayil ɗin ɗalibi guda ka buɗe. Akwai lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Akwai addini da ƙaramar hukuma, da sunan mahaifi da adireshinsa. Asibitin makaranta yana riƙe da rukunin jininsa da ko mai sikila ne. Ofishin kuɗi ya san ranar da ya biya ta shafin biyan kuɗi na Remita da ranar da ya kasa. Tun da aka fara rancen karatu na asusun NELFUND a 2024 jami'a tana ɗora bayanan ɗalibanta a shafin asusun, haka kuma take tura jerin masu tafiya bautar ƙasa ga NYSC. Banki bai san rabin abin da muka sani a kan yaran nan ba, amma banki yana da mutane na musamman da aikinsu kawai tsare bayanai, mu kuwa sau da yawa kabad ne da kwaɗo ɗan ƙarami.

Shi ya sa hukumar NDPC ta saka manyan makarantu cikin rukunin masu riƙe da bayanai masu muhimmanci. Wannan ya wajabta wa jami'a ta yi rajista da hukumar, ta naɗa jami'in kare bayanai, kuma in bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, ta sanar da hukumar cikin awa 72 daga lokacin da ta sani. Tarar da dokar ta tanadar wa wannan rukuni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Bayan tara, wanda aka cutar yana da damar zuwa kotu neman diyya da kansa.

Allo da WhatsApp ba ɗaya ba ne

Akwai kuskuren da nake yawan ji, cewa wai yanzu sai an nemi izinin ɗalibi kafin a taɓa bayanansa. Ba haka ba ne. Izini ɗaya ne kawai daga cikin dalilan da doka ta halatta. Jami'a ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta duba takardarsa, ta haɗa makinsa, ta kai Sanet, wato majalisar jami'a mai amincewa da sakamako. Aikinta ke nan, kuma yarjejeniyar da ke tsakaninta da shi ke nan tun ranar da ya karɓi takardar gurbi. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 24, wanda ya ce a yi amfani da bayani don manufar da aka karɓe shi, kuma kada a wuce iya abin da manufar ke buƙata. Mene ne manufar fitar da sakamako? Ɗalibi ya san nasa. Sauran 'yan ajin ba sa cikin manufar. Da ka tura wa mutum ɗari biyu takarda ɗaya mai ɗauke da makin kowa, ka cika manufar sau ɗaya ga kowane ɗalibi, ka kuma wuce ta sau ɗari da casa'in da tara.

Za ka ce ai allon ma haka yake. Gaskiya ne, kuma in aka bi ta ƙa'ida, allo mai suna da maki shi ma bai tsira ba. Amma allon yana da abin da yake rage masa sharri. Sai mutum ya tako ya zo. Rana tana kashe tawadar, ruwa ya jiƙa takardar, wanda ya faɗi kuma yakan zo da dare ya yage layinsa, mu duka mun ga wannan. Cikin mako biyu an wuce wurin. Wanda aka tura a waya kuwa zarar bunu ne. Yana nan a wayar kowa har bayan shekara biyar, ana iya tura shi Legas cikin daƙiƙa ɗaya, ana iya laluben suna a cikinsa. Kuma ka taɓa zama ka ƙirga su wa ke cikin zauren? Akwai wanda aka kora tun aji biyu ba a cire shi ba. Akwai wadda ta ba ƙanenta wayar. Akwai layin da mai shi ya daina amfani da shi har kamfani ya sake sayar wa wani baƙo.

Na ga abin da wannan ke haifarwa. Wata ɗaliba da aka rubuta an sallame ta saboda ƙarancin maki, kafin ta isa gida ta yi wa iyayenta bayani da bakinta, hoton takardar ya riga ya isa wayar dangin wanda zai aure ta. Na kuma ga ɗalibai masu kariyoba da aka riƙa kira a waya, mai kiran ya faɗi cikakken suna da lambar rajista da kwas ɗin da aka faɗi, ya ce daga ofishin jarrabawa yake, a turo kaza a gyara. Yaro ya ji an faɗi abin da yake ganin ofis kaɗai ya sani, me zai hana ya yarda? Ɗan damfarar bai yi kutse ko'ina ba. Takardar da muka tura da hannunmu ya karanta. Kuma sunan da ya ɓata shi ne na mai riƙe da kujerar da kake kai.

Wasu sassan sukan cire suna su bar lamba. Ya fi, amma kada ka ɗauka asiri ya rufu. 'Yan aji ɗaya sun san lambar juna, suna rubuta ta a takardar halarta kullum, wani ma shi yake sa wa abokinsa hannu. Ina ganin hakan a matsayin mafita ta wucin gadi: lamba kawai, ba tare da shafin da ake rubuta an kora ko an yi gargaɗi ba, a allo, na 'yan kwanaki, sannan a cire. Waɗanda za a sallama ko a yi wa gargaɗi a kira su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da ta dace ita ce fotal, wato shafin intanet na jami'a, kowa ya shiga da lambarsa ya ga nasa. A nan ne zan faɗi laifinmu. Malamai ba su koma WhatsApp don mugunta ba. Sun koma ne saboda Sanet takan amince da sakamako a ɗauki makonni kafin ya hau fotal, ko ya hau da kuskure, ko fotal ɗin ya faɗi daidai ranar da kowa ke son shiga, ɗalibai kuma su cika ƙofar ofishinka ba ta cibiya ba. Duk cibiyar da ta hana hanya ba ta buɗe wata ba, ta rubuta takardar ne don kabad. Saboda haka kana da haƙƙin ka rubuta musu, ta hannun shugaban sashe, ka ce mun ji mun bi, amma a faɗa mana cikin kwana nawa sakamako zai riƙa hawa bayan amincewar Sanet, kuma wa za mu kira in bai hau ba. Kafin su amsa, jami'in kula da kowane aji zai iya raba wa ɗalibai 'yar takardar sakamako hannu da hannu. Akwai wahala, amma a zauren sai ka tura sanarwa kawai cewa sakamako ya fito, a zo a karɓa.

Kalmar sirri da filash

Wannan ɓangaren ne malamai suka fi raina wa, ni kuma shi na fi tsoro. In ana maganar tsaron bayanai, hankalin mutane yakan tafi ga wani ɗan dandatsa a wata ƙasa mai nisa. Akwai su, ba na musu. Amma a shekarun da na yi, mafi yawan matsalolin da aka kira ni a kansu daga cikin gida suka taso, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Bari in gaya maka yadda fotal ke aiki ta baya. Duk wanda ya shiga, na'ura tana rubuta sunan akawun ɗin, da lokaci, da abin da aka taɓa, da abin da yake a da kafin a canza shi. Ba ta ganin fuska. In ka ba sakatare kalmar sirrinka, shi kuma ranar da aiki ya yi masa yawa ya ba ɗan bautar ƙasar da ke taimaka masa, shi kuma ya rubuta ta a bayan kalanda, duk abin da aka yi da ita sunanka zai fito. Na zauna a gaban wani kwamitin bincike ina karanto wannan rajista, an mayar da F ta koma C da tsakar dare da akawun ɗin wani malami wanda duk wanda ke ɗakin ya san ba zai aikata ba. Mutumin kirki ne, ya ba wani yaro kalmar ne don ya taya shi shigar da maki lokacin da idonsa ke ciwo. Ya rantse, mun kuma yarda da shi a zuci, amma rajistar ba ta da wurin rubuta rantsuwa. Ya sha wahala kafin ya fita. Don haka wannan layin na takardar kai yake karewa kafin ya kare ɗalibi. In sakatare yana buƙatar shiga, a buɗe masa akawun nasa mai iyakar abin da zai iya taɓawa. Aikin minti goma ne a wurinmu. In kuma fotal ɗinku yana da tsarin turo lamba ta waya bayan kalmar sirri, ka kunna shi, ko da yana ɓata maka rai.

Filash kuwa, na san dalilin ɗaukarsa. Babu wuta a ofis, janareta sai ofishin shugaban tsangaya, Sanet kuma ta sa rana. Dole a yi aiki a gida. Ba zan ce maka ka daina ba, don na san ba zai yiwu ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne inda filash ɗin yake yawo. Yana zuwa shagon buga takardu na bakin get, a kwafe fayil ɗin a kan kwamfutar shagon a buga, ka karɓi takardunka ka tafi, fayil ɗin ya zauna a can. Mai jiran shagon sau da yawa ɗalibi ne. Haka kwamfutar tafi-da-gidanka in ta lalace, takan kwana uku a wurin mai gyara da makin shekara goma da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna a cikinta. Maganin ba tsada. Excel yana ba ka damar kulle fayil da kalmar sirri. Windows yana da BitLocker a wasu nau'o'insa, wanda ke kulle filash gaba ɗaya yadda ko an tsince shi ba za a karanta ba. Abin da ya fi duka, in jami'arku tana da imel na hukuma a kan Google ko Microsoft, ka ajiye aikin a can maimakon akawun ɗinka na kanka. Akwai wani dalili na daban a nan: malami yakan bar aiki, ko ya rasu, sakamakon wani aji na wata shekara ya tafi tare da kwamfutarsa, sai bayan shekaru ɗalibi ya zo neman cikakken sakamakonsa a shiga roƙon iyalan mamaci su nemo caja.

Kada kuma a manta da takarda. Duk wanda ya zauna kusa da makaranta ya taɓa sayen ƙosai ko tsire a naɗe cikin takardar amsa ta wani, da sunansa da jan biro. Doka ta ce kada a riƙe bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa, kuma zubar da shi ma yana cikin sarrafawa. Takardar jami'arku ya kamata ta faɗi shekara nawa ake ajiye takardun amsa, da yadda ake lalata su. A ƙona ko a niƙa a gaban shaida, ba a ba masinja ya san yadda zai yi da su ba.

Wannan sakaci ba namu ba ne mu kaɗai. A 2018 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci Jami'ar Greenwich tarar fam 120,000. Dalili shi ne wani ɗan ƙaramin shafin intanet da wani malami da ɗalibi suka gina don wani taro a 2004, aka gama taro aka manta da shi, ba a rufe ba, ba a kuma sabunta shi. Ta nan 'yan kutse suka shiga suka kai ga bayanan mutum kusan 20,000, ciki har da na rashin lafiya. Jami'ar ta tsakiya ba ta ma san da shafin ba, amma ita ta biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana yawan kasancewa a sashe ne. In sashenku yana da wani tsohon shafi ko fom na Google da aka tara bayanan ɗalibai da shi shekarun baya, ka gaya wa cibiya. A ƙarshen 2019 kuma Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta biya kuɗin fansa kusan yuro 200,000 bayan an kulle mata na'urori, kuma mafarin abin saƙon imel ne na yaudara da aka latsa.

Dattijon da ya zo

Nan ne doka da tarbiyyarmu suke kallon juna, kuma ba na son in yi maka amsar littafi. Uba ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta, ya hau mota ya zo, ka dube shi ka ce ba ka da ikon ganin sakamakon 'yarka? Ko ni ba zan iya furta wannan da wannan lafazi ba.

Amma ga yadda abin yake. In ɗalibar ta kai shekara 18, a idon doka bayananta nata ne, kuma biyan kuɗin makaranta bai mayar da su na mai biya ba. In ba ta kai ba, kuma akwai irinsu a aji ɗaya tunda da shekara 16 ana samun gurbi, matsayin iyaye ya fi ƙarfi. Sannan akwai abin da ya fi doka kusa da kai: ba ka san shi ba. Ka ga dattijo da furfura da babbar riga ya ce shi ne mahaifi. Mai yiwuwa shi ne, galibi ma shi ne. Amma na taɓa ganin wanda ya zo da wannan siga ashe tsohon miji ne yana neman sanin ɗakin kwana da jadawalin lacca. Na ga kawu da ke rigimar gado da uwar yarinya yana neman hujjar cewa kuɗin makaranta asara ne. Ba ka da hanyar tantancewa daga kan kujerarka.

Abin da nake ba da shawara, kuma na ga yana aiki, shi ne kada ka ce a'a, kada kuma ka buɗe fayil. Ka ba shi wurin zama, a kawo ruwa, ka ce Baba, ƙa'idar makaranta ita ce ba a buɗe sakamakon ɗalibi sai yana wurin, bari a kira ta. In ta zo, ita za ta shiga fotal ta nuna masa, ko ta ce maka ka nuna. Uba na gaskiya ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma yakan ji daɗi cewa ba kowa ne zai zo ya tambayi labarin 'yarsa a ba shi ba. In ta ƙi zuwa ko ta ƙi a nuna, to wannan ya zama maganar gida, kuma wurin da ya dace shi ne ofishin kula da harkokin ɗalibai ko mai ba da shawara, ba teburin jarrabawa ba. A Amurka, inda suke da doka a kan bayanan ɗalibai tun 1974, haƙƙin yana komawa hannun ɗalibi da zarar ya shiga jami'a, amma sun bar ƙofa ga iyayen da ke ɗauke da nauyinsa. A ganina mu ma abin da ya dace da mu shi ne a saka wani fom a lokacin rajista, ɗalibi ya rubuta sunan wanda ya yarda a nuna wa sakamakonsa. Mafi yawan yaranmu za su rubuta mahaifi ko mahaifiya ba tare da gardama ba, kai kuma ka sami abin dogaro. Ka kai wannan shawara taron sashe.

In rai ne ke cikin haɗari, ɗalibi ya faɗi an kai shi asibiti, ba a jiran fom, doka da kanta ta yarda a yi amfani da bayani don ceton rai. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, ko kamfanin da ke son tabbatar da shaidar kammalawa, ko jami'in tsaro da ya zo da baki, duk amsarsu ɗaya ce: a rubuto wa magatakarda. Ko Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda wasu ke ɗagawa, ta keɓe bayanan sirri na ɗalibai da ma'aikata daga abin da ake bayarwa kai tsaye.

Me zai same ka

A gaban hukumar NDPC, jami'a ce mai riƙe da bayanan, ita za a tuhuma, ba sunanka za a rubuta a takardar tara ba. Amma tunda ta riga ta aiko maka da ƙa'ida a rubuce, ranar da wani ɗalibi ya kai ƙara, abin da za ta fara cewa shi ne mun hana, ga kwafin takardar. Daga nan maganar ta koma kwamitin ladabtarwa, kai da shi. Ni ba lauya ba ne, kuma takardar jami'arku ba ta gabana, don haka irin hukuncin da ta tanada sai ka duba da kanka ko ka tambayi sashen shari'a.

In kuskure ya faru, ka tura fayil inda bai kamata ba ko filash ya ɓace, kada ka yi shiru kana fatan Allah Ya rufa asiri. WhatsApp yana ba ka kamar kwana biyu ka goge saƙo ga kowa, ka goge nan take, sannan ka sanar a rubuce a ranar. Awa 72 ɗin nan gajeru ne in akwai Asabar da Lahadi a ciki, kuma a duk binciken da na halarta, wanda ya kawo kansa da wuri ya fi samun sassauci a kan wanda aka gano.

Ba sai ka karanta takardar duka ba. Ka nemi wuraren da suka yi magana a kan fitar da sakamako, tsawon lokacin ajiye takardu, da wanda ake kai wa rahoto. Ka kuma duba inda ta yi magana a kan sa ido a imel da intanet ɗin ma'aikata, don kai ma jami'a tana riƙe da naka bayanan, albashinka da fayil ɗin asibitinka da shafukan da kake buɗewa da intanet ɗin ofis, kuma dokar ta ba ka ikon tambayar me aka tara a kanka da wa ke gani. A cikin wasiƙar da za ku rubuta wa cibiyar, ku ƙara layi ɗaya kuna neman suna da lambar ofishin jami'in kare bayanai na jami'a. In sun ba ku, ka liƙa a bangon ofis. In amsa ba ta zo ba, ka ajiye kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa a fayil ɗinka.